Haƙƙin Ciyawar da Ba Wanda Ya Shuka

Duk wanda ya taɓa yin makon Babbar Sallah a Zangon Kwatano ya san yadda unguwar take komawa. Daga bakin babban masallaci har cikin lunguna, kukan raguna ne da hon ɗin 'yan zemijan da ciniki cikin harshe uku ko huɗu: a taya da Hausa, a yi albarka da Zabarmanci, a ƙarasa da Fon ko Faransanci. Daga 2023 zuwa 2025 sallar ta riƙa faɗowa cikin watan Yuni, lokacin da damina ta kankama a bakin teku, alhali a Arewa ruwan shuka bai gama zama ba. Sai ka ga balami da uda, 'yan ƙasar yashi da rana, sun takure ƙarƙashin tamfol, ruwa na ɗiga musu, an zuba musu ɗanyar ciyawar kudu suna shinshinawa suna kau da kai.

A irin wannan rana na tsaya wajen wani dattijo da ya sauko da raguna daga ƙasar Maraɗi. Ban je da niyyar saye ba, ruwa ne ya tsare ni. Na lura yana ba dabbobinsa harawar wake da dusa kamar kowa, amma akwai wani ƙaramin buhu da ya tura ƙarƙashin bencin da yake zaune. Daga cikinsa yake ɗebo busasshiyar ciyawa tafi guda, ya miƙa wa rago ɗaya tak, wanda ya ce tun da suka ƙetare kogin Kwara a Gaya ya ƙi cin abinci.

"Baba, wannan kuma fa? Magani ne?"

"Gadagi ne, ɗana. Kai ɗan birni ne, shi ya sa."

Na ce na san sunan, ban dai taɓa riƙe shi a hannu ba. Ya ɗebo mini. Siraran kara ne da ƙananan ganye da 'yan kwasfa masu gaɓa-gaɓa, ƙamshinsa kamar na rumbun da aka daɗe ba a buɗe ba.

"Wannan na jigawa ne," in ji shi. "Akwai na fadama, ya fi shi tsawo da ganye, amma in ya bushe ganyen zubewa yake, a bar ka da tsinke. Akwai wani mai rarrafe, ba ya miƙewa, shi ne ke jure takun shanu. Da can a garinmu, in an gama girbi, kafin yaro ya ji ƙishirwa ya ɗaure dami. Yanzu sai a ɗaura wa jaki amalanke tun asuba, a dawo bayan la'asar."

"To, wa ya cinye shi, Baba?"

Ya dube ni, ya dubi ragunan, ya yi dariya. "Mu da ku."

Tun ranar nake juya wannan amsa. Abin da ba wanda ya shuka, ba wanda ya yi wa noma, ba shi da mai shi, shin yana bin mu wani haƙƙi? In kuma an ce a kiyaye shi, me za a kiyaye? Ya wadatar a ce gadagi bai ƙare a duniya ba, tunda ga shi nan a wani wuri? Ko kuwa har da bambancin nan da dattijon ya lissafa, na jigawa da na fadama da mai rarrafe, wanda ni ban ma san da shi ba sai da ruwa ya tsare ni?

Gadagi dangin wake ne da gyaɗa. In ka tuge shi ka duba saiwarsa za ka ga 'yan ƙululai; a cikinsu wasu ƙananan halittu ke zaune, suna jawo sinadarin naitrojin daga iska su ciyar da tsiron, shi kuma ya bar wa ƙasa rabonta. Shi ya sa ganyensa ya fi ciyawa irin su kyasuwa gina jikin dabba, shi ya sa kuma tun zamanin dawakin sarakuna ake neman sa. A ƙasashen sanyi, tsiron da ke wannan aiki a makiyaya shi ne wanda masu Ingilishi ke kira kuloba, mai ganye uku-uku. Barsim ɗin da Misirawa ke nomawa ɗan ɗakinsu ne. Aikin ya yi kama har Amurkawa, da suka ɗauki wani nau'in gadagi suna noma shi don harawa a jihohinsu na kudu irin su Fulorida, suka laƙaba masa sunan kuloba shi ma, ko da yake zumuncin na nesa ne. Na kawo kuloba ne don an daɗe ana nazarin ta daji, kuma abin da aka gano a kanta ya buɗe mini maganar dattijon.

Farar kuloba tana fitowa da kanta a makiyaya da gefen hanya a duk faɗin Turai. A ido duk ɗaya ce. Amma a cikinta akwai mai guba, akwai marar guba. Gubar ma ba baƙuwa ba ce gare mu a nan kudu: ita ce ta rogo mai ɗaci, wadda ta sa masu yin gari sai sun gurza, sun matse, sun bar shi ya kwana biyu, sun soya, kafin ya ciwu. Tsiron yana ajiye abu biyu a ɗakuna daban-daban cikin ganyensa. In katantanwa ko ƙwaro ya tauna, ɗakunan su fashe, abubuwan biyu su haɗu, gubar sayanaid ta tashi. Kowane ɗaya daga cikin biyun yana da ƙwayar gadonsa, kuma tsiron da bai gaji ɗaya ba ba ya yin guba ko kaɗan.

A 1954 wani masani mai suna Hunor Daday, da ke aiki a yankin Wels na Birtaniya, ya wallafa abin da ya samu bayan ya gwada irin kulobar daji daga sassa da yawa. A kudu, wajen gaɓar Bahar Rum, mafi yawanta mai guba ce. In ka nufi arewa maso gabas, wajen Rasha, masu gubar na raguwa har su kusa ɓacewa. Haka ma in kana hawa tsaunukan Alps, kana sama suna raguwa. Abin da ya ga yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da wannan shi ne sanyin watan Janairu. Inda ake da ɗumi, masu cin ganye sun yi yawa, guba garkuwa ce. Inda ake tsananin sanyi, masu cin sun ragu, haɗa gubar kuma yana cin ƙarfin tsiro. Wasu masana ma na ganin in sanyi ya daskarar da ganye, ɗakunan nan na fashewa da kansu, tsiron ya sha gubar kansa. Abin da ya fi ɗaukar hankalina kuwa shi ne ƙasashen tsakiya. A can, a fili guda, ƙarƙashin ƙafar saniya guda, mai guba da marar guba suna maƙwabtaka, ba wadda ta kori wata.

A 2022 mujallar Science ta fitar da wani aikin da ya fi wannan faɗi: an gwada tsiron farar kuloba 110,019 a birane 160 na duniya, daga tsakiyar birni zuwa ƙauyukan gefe. A kashi 47 cikin ɗari na biranen, yawan masu guba ya bambanta tsakanin birni da ƙauye, kuma galibi a cikin birnin suka fi ƙaranci. Kwalta da siminti jiya-jiya suka zo. Ciyawar ta iya sauya hali da wuri haka ne don hali biyun duk suna cikin zuriyarta tun asali, wuri ne kawai ke zaɓar wanda zai yi rinjaye.

(Na san inda zuciyar mai karatu ta nufa: ga ciyawar birni ta saki makamin ƙauye, ga 'ya'yan zango sun saki wasu kalmomin kakanni sun kama Fon da Faransanci. Ni ma na yi wannan tunanin, na kuma ajiye shi. Mutum yana da zaɓi, ciyawa ba ta da shi, kuma duk lokacin da aka fara auna mutane da ma'aunin iri, abin ba ya ƙarewa da kyau. A bar ciyawa a matsayinta na ciyawa.)

Yanzu a ce an tambaye ka: tsakanin mai guba da marar guba, wacce ta fi? Ba za ka iya amsawa ba sai ka tambaya a ina, kuma wace shekara. Makiyayin da aka ba wuƙa da nama zai ce a tuge mai gubar kaf, a bar mai daɗi. Daga ganin farko yana da gaskiya. Sai shekarar da katantanwa ta yi yawa ta zo, ta share masa filin. Hukuncin "wannan ya fi" hukunci ne na damina guda, mu kuma muna yanke shi kamar na har abada.

Mutanen yammacin Ostireliya sun ɗanɗana wannan a shekarun 1940. Akwai wata kuloba 'yar asalin Bahar Rum da ke binne 'ya'yanta a ƙasa kamar gyaɗa. Sun sami wani irinta mai saurin nuna, Dwalganup, suka baza shi a makiyaya masu faɗin gaske. Tumaki suka yi ƙiba, kowa ya yi murna. Sai haihuwa ta fara ja da baya, wasu tumakin ba sa ɗaukar ciki, wasu su kasa haihuwa su mutu. Daga baya aka gano ganyen yana ɗauke da wani sinadari mai kwaikwayon sinadarin jikin mace, yana rikita mahaifar tunkiya. Abin da ya fid da su shi ne ba duk irin wannan kuloba ne ke da shi da yawa ba. Sai suka koma neman waɗanda ba a kula da su ba, wasu a gefen hanyoyinsu inda suka tsira da kansu, wasu a can gida Bahar Rum, har tsibirin Sardiniya.

Amma ba sai mun je Ostireliya ba. Harawar waken da ke gaban ragunan dattijon nan tana da nata labarin, kuma wani ɓangarensa a nan ƙasar Benin ya faru.

Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake, Nijar na biye mata, kuma manomin Arewa bai taɓa shuka wake don ƙwaya kaɗai ba. Shi ya sa lokacin da aka fito da sababbin iri masu nuna cikin kwana 60, masu ƙwaya da yawa da ɗan ganye kaɗan, manoman Kano suka karɓa amma ba su saki Kanannado ba, tsohon irinsu mai jinkiri, mai yaɗo, mai cika rufin ɗaki da harawa. An ɗauke su masu taurin kai. Daga baya masu binciken da kansu, a tashar IITA ta Kano, suka juya ga neman irin da zai ba da ƙwaya ya ba da harawa.

Ɗaya daga cikin manyan abokan gabar wake shi ne ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Yana kama saiwa a ƙarƙashin ƙasa ya tsotse tsiron tun kafin shi ya leƙo waje. An gwada iri da yawa, sai aka samu wani da ƙudujin ba ya iya kamawa. Ba a tashar bincike aka ƙirƙiro shi ba: irin gargajiya ne da aka ɗebo daga ƙasar Botsuwana, can kudancin Afirka, aka sa masa lamba B301. Ƙwayarsa ƙanana ce, ba wadda za ta burge mai kosai ba. Aka yi ta haɗa shi da wasu iri, kuma daga zuriyarsa aka samu wanda aka saki a Najeriya da sunan SAMPEA 10. Manomin Bichi ko na Tasawa da ya girbe wake a gonar da ƙuduji ya taɓa kora shi, yana cin alherin wani manomi ko wata manomiya a Botsuwana da ba su taɓa jin sunan Hausa ba.

To, a farkon shekarun 1990 aka gano cewa a Zakpota, kusa da Bohikon da Abome, a kan hanyar da motocin ragunan nan ke bi su sauko Kwatano, akwai wani ƙuduji da ke cin B301 hankali kwance. Abin mamaki, wasu iri da ƙudujin Najeriya ke lamushewa su ne suka tsaya wa na Zakpota. Ashe shi ma ƙudujin ba ɗaya ba ne. Abokin gaba yana riƙe da makamai iri-iri, yana kuma ƙera sababbi. Wanda ya zubar da nasa duka ya riƙe ɗaya, ko da shi ne mafi kaifi, ya san ranar da yake jira.

Nan ne inda masu wannan magana suka saba tsayawa: a kiyaye komai, don wata rana zai yi amfani, da tsohuwar zuma ake magani. Ni wannan hujja ba ta gamsar da ni gaba ɗaya ba, kuma gara in faɗi dalili.

A Ibadan, IITA na ajiye da samfurin wake kusan 15,000. Nawa ne daga ciki suka zama B301? 'Yan ƙalilan. Mafi yawansu za su zauna a kwalba har a naɗe duniya ba wanda ya neme su. Haka gadagin fadamar garin dattijon: abin da ya fi yiwuwa shi ne ba wani masani da zai taɓa buƙatarsa. Saboda haka in ka je wa yaron nan mai jaki da amalanke da hujjar amfanin gobe, yana da amsa mai ƙarfi. Zai ce: kana so in bar kuɗin da nake gani a hannu, wanda zan sayi tiyar hatsi da shi yau, saboda wata caca da ba lalle a ci ba, wadda ko an ci ma jikan wani ne zai karɓa? Ban ga yadda za a ce masa ya yi kuskuren lissafi ba. Lissafinsa daidai ne.

Abin da nake gani shi ne tun farko ba batun lissafin riba ba ne. Kowace ƙwayar gadagi da ke cikin buhun dattijon jikanyar wadda ta tsallake farin 1973 ce da na 1984, da waɗanda suka gabace su da ba a rubuta ba. Waɗanda ba su iya ba sun mutu. Abin da ya rage yana ɗauke da wata dabara a jikinsa, ta lokacin da za a tsira da lokacin da za a jira, ta saurin fid da fure kafin ruwa ya ɗauke, wadda ba mu muka koya masa ba, ba kuma za mu iya sake koya masa ba. Gida in ya rushe a sake ginawa, rijiya in ta rufta a sake haƙawa. Irin da ya ƙare kuwa ya ƙare. Malamanmu na fiƙihu suna da suna ga dukiyar da ake cin amfaninta ba a taɓa asalinta: waƙafi. Wanda ya ci dabinon gonar waƙafi bai yi laifi ba, don shi aka yi ta. Wanda ya sare bishiyar ya ci abin da ba nasa ba, ko da kuwa ba a san fuskar wanda zai zo ya ci bayansa ba. Mun tarar da daji a cike ba da kuɗinmu ba. Wannan kaɗai ya isa ya hana mu ce masa namu.

Akwai kuma wani abu da nake jin nauyin faɗa a gaban masana, amma zan faɗa. Mu da muka tashi da allo an koya mana cewa ba a yi halitta don wasa ba. In haka ne, rashin sanin amfanin abu shaida ce a kan iyakar sanina, ba a kan abin ba. Mai rarrafen nan da ba ya cika dami yana nan tun kafin a kafa Maraɗi, yana yin abin da aka yi shi don ya yi. Ban ga daga inda na samo izinin yanke hukuncin cewa duniya za ta iya yi ba tare da shi ba, don kawai ragona ya fi son ɗan'uwansa.

Kada a fahimce ni a karkace. Ciyar da dabba gadagi ba laifi ba ne. An yi dubban shekaru ana yi, bai ƙare ba. Ɓarnar tana cikin lokaci da yadda ake ɗiba. Gadagin jigawa ɗan shekara guda ne, in bai zubar da 'ya'ya ba babu na baɗi. Dabba in tana kiwo takan ci wani ta bar wani, ta kuma kai 'ya'yan wani wuri a cikin kashinta. Mai tugewa don sayarwa kuwa har saiwa yake ɗagawa, kuma yana so da ganye shar, wato kafin kwasfa ta nuna. Ƙwayar tana da taurin ɓawo, wata takan yi shekaru a ƙasa kafin ta tsira, saboda haka filin zai ci gaba da fitowa na ɗan lokaci kamar ba abin da ya faru, alhali tsohon ajiya ake ci. Sannan hannun mai tugewa yana zaɓe: dogo mai ganye shi ake fara ɗauka. Shekara bayan shekara, wanda ya fi kyau a idonmu shi ke rasa zuriya. Manomi na ware zangarniyar da ta fi kyau don iri. A daji mun juya abin, muna cinye na kirkin muna barin saura su hayayyafa.

Me ya sa ba za a jira kwasfa ta nuna ba? Don in na jira, wani zai riga ni. Kowa ya san abin da ya kamata, ba wanda zai iya farawa shi kaɗai.

Wasu za su ce ai an riga an magance wannan, akwai rumbunan iri. Gaskiya ne akwai, kuma aikin kirki ne. A Adis Ababa, cibiyar binciken dabbobi ta ILRI na riƙe da rumbun da aka fara a 1983, mai samfurin ciyawar kiwo kusan 19,000, har da ire-iren kulobar da ke fitowa a tsaunukan Habasha. A 2008 an buɗe wani babban rumbu cikin dutsen ƙanƙara a Svalbard, can ƙuryar arewacin Norwe, kuma a 2015 ya yi ranarsa, lokacin da yaƙin Siriya ya raba cibiyar ICARDA da rumbunta na Halab, ta je ta karɓo ajiyarta ta sake shukawa. Sai dai irin da ke cikin firji yana nan yadda yake ranar da aka ɗebo shi, ƙuduji kuwa yana gona yana sauya dabara, damina ma tana sauya hali. Kuma abin da ke kwalba tafi ɗaya ne daga wuri ɗaya. Wani abin lura: yarjejeniyar duniya ta 2001 kan musayar irin shuke-shuke tana da jerin tsirran da ƙasashe suka amince su yi tarayya a kansu. Kuloba na cikin jerin. Gadagi ba ya ciki.

Saura tambayar da ta fi wuya: in kiyayewa wajibi ce, wa zai biya?

An ruwaito cewa mutane suna tarayya a ruwa da makiyaya da wuta, kuma da yawa sukan tsaya a nan su ce ai daji na kowa ne. Amma shari'ar da ta faɗi haka ita ce kuma ta zo da hima, wato keɓe wani yanki a hana shiga sai da ƙa'ida. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu a kan hukuncin filaye da ya taɓo wannan, kuma hurumi da burtali da muka gada a ƙasar Hausa daga wannan tunani suke shan ruwa. Yau da yawansu sun zama gonaki ko fulotai. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne umarnin da Umar ya ba mai tsaron himarsa, wanda ɗaliban Muwaɗɗa suka sani: ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, ya tsare garken manyan attajirai, don su in dabbobinsu sun mutu suna da gonaki da dabino da za su koma gare su, talaka kuwa ba shi da inda zai koma sai ƙofar shugaba da 'ya'yansa a hannu. Ka ga an keɓe fili, an kuma ɗora nauyin keɓewar a kan wanda ke iya ɗauka.

Da wannan ma'auni, yaro mai jaki shi ne na ƙarshe da za a tuhuma. Kafin a zo kansa akwai mai turke da ke kiwon raguna hamsin don kasuwar bakin teku. Akwai hukumar da ta raba hurumi. Akwai kuma mu, mazauna Zango da sauran birane, da ke son ragon da maƙwabta za su leƙo su gani, wanda in ya wuce sai an ce na gidan wane ne. Ƙibar da muke taƙama da ita ranar sallah daga wata jigawa aka tugo ta. Ban ce a daina layya da rago mai ƙiba ba, sunna ce a nemi mai kyau. Na ce dai kuɗin da muke biya bai haɗa da na irin baɗi ba, wani ne ke biyan wannan, kuma ba a tambaye shi ba.

Ba na cikin masu cewa ba yadda za a yi, don ƙasar da dattijon ya fito ta riga ta nuna akwai. Tun daga shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka koma barin kututturan itatuwa su toho a gonakinsu, suna yi musu sassabe maimakon su ƙone su, har aka ƙiyasta abin ya kai hekta miliyan 5. Ba dashe aka yi ba, bari aka yi. Kuma abin ya kama ne lokacin da manomi ya tabbata itacen da ya bari shi zai amfana da shi, ba wani zai zo da dare ya sare ba. Ciyawa ta fi itace wuyar tsaro, na sani. Amma gari zai iya cewa wannan gefen bana ba mai taɓa shi sai kwasfa ta bushe, baɗi a juya. Mai unguwa da liman da sarkin Fulani sun sasanta abin da ya fi wannan. Dattijon ma ya ce mahaifinsa, in ana maimai a gonar gero, yakan kauce wa gadagi da hauya, ya tsawata wa duk yaron da ya sare shi.

Da ruwa ya tsagaita na sake duba abin da ke tafina. Na murza kwasfa biyar ko shida tsakanin yatsu. Biyu ne kawai ke da ƙwaya mai tauri, sauran a shafe suke. Na nuna masa.

"An yi gaggawa," ya ce. "Ba ni na tuga ba, saye na yi. Amma da ni ne ma, haka zan yi."

Ragon nan ya cinye abin da aka ba shi, ya fara jan harawar ɗan'uwansa. Dattijon ya ɗaga buhun, saura kaɗan. Wani yaro da ke taya shi aiki ya miƙa hannu zai karkaɗe shi a ƙasa, ya riƙe masa hannu. Ya zaro leda daga aljihu, ya juye garin da ya taru a gindin buhun a ciki, ƙura da guntun ganye da 'yan ƙwayoyi, ya ƙulle bakin, ya mayar aljihun gaban rigarsa.

"Na mene ne, Baba?"

"Akwai wani kango bayan gidana. In Allah ya mai da ni kafin ruwa ya yi nisa, zan watsa."

Sai ga wani mai mota ya tsaya yana tambayar kuɗin balamin da ke tsakiya, dattijon ya miƙe, ni kuma na tari zemijan.